Kafin Ka Dangwala Yatsa a Takardar Asibiti

Waɗanda ke kwance a gadon asibiti suna jin mu a wannan fili na kiwon lafiya, Allah Ya ba ku lafiya, Ya sa kaffara ne. Masu jinya kuma, da ke zaune a baranda da 'yar rediyo a kunne, sannunku da ɗawainiya. Maganar yau taku ce.

Akwai wata takarda da akan miƙo wa mutum a manyan asibitocinmu, wadda ba ta magani ba ce, ba kuma ta biyan kuɗi ba. Likita ko malamar asibiti za ta ja ka gefe ta ce, "Baba, muna gudanar da wani bincike, kuma yaronka yana cikin waɗanda suka dace. In ka amince, sai ka sa hannu a nan." Mutanenmu sun rabu biyu a gaban wannan takarda. Wani ko ƙarshen maganar ba zai tsaya ji ba, zai saɓi ɗansa ya yi waje, yana cewa ba da nasa za a yi zakaran gwajin dafi ba. Wani kuwa da ya ji an ce maganin kyauta ne, sai ya miƙa babban yatsa a dangwala, bai tambayi komai ba. A ganina su biyun duk sun yi gaggawa. Zan kawo muku labarin bincike biyu da suka shafi gari ɗaya, wato Kano, a kan yara ƙanana, domin mu ga inda suka raba hanya.

Na farko dai dattawanmu ba su manta da shi ba. A farkon shekarar 1996, daidai lokacin zafi, sanƙarau ya ɓarke a arewacin Najeriya, ɓarkewar da aka daɗe ba a ga irinta ba. Mutum fiye da 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya. Kuma bai zo shi kaɗai ba, ƙyanda da kwalara na biye da shi. Asibitin Zana, inda ake kai masu cututtuka masu yaɗuwa a Kano, ya cika ya batse. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna ciki suna ba da magani kyauta. Ana cikin wannan hali sai tawagar kamfanin Pfizer ta sauka daga Amurka da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin hukumomin can ba su riga sun ba shi lasisi ba. Aka ɗebi yara kusan 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su ceftriaxone, wanda dama sanannen maganin sanƙarau ne. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren sabon maganin, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta, wasu da makanta, wasu da shanyewar jiki. Bayan 'yan makonni tawagar ta tattara ta koma gida, annoba kuwa tana nan tana ci.

A yi adalci a nan. Sanƙarau da kansa yana kisa, yana kurumtarwa, yana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, maganinsa ma rayuka ya ceta. To amma kukan iyayen ya wuce nan. Cewa suka yi ba su san gwaji ake yi ba. Sun kawo 'ya'yansu asibiti, sun ga masu fararen riguna, sun miƙa. Ba wanda ya gaya musu cewa a harabar nan akwai inda ake ba da maganin da aka riga aka sani. Kamfanin ya ce an nemi izininsu da baki, da Hausa, ta bakin ma'aikatan jinya, sai dai babu takardar da za a nuna. Takardar amincewar kwamitin asibiti da aka gabatar kuwa, daga baya aka gano an rubuta ta ne bayan an gama komai, aka mayar da kwanan watanta baya.

Maganar ba ta fito fili sosai ba sai a watan Disamba na 2000, da jaridar Washington Post ta tono ta. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, wanda ya ce an yi gwajin ba bisa ƙa'ida ba. A 2007 gwamnatin Kano ta shigar da ƙara. A 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Iyalai huɗu na farko ba su karɓi diyya ba sai a 2011, dala 175,000 kowannensu, bayan an yi musu gwajin ƙwayar halitta don tabbatar da dangantaka. Ku lissafa, shekara 15 ke nan.

Asarar ba ta tsaya a kan waɗannan gidaje ba. A 2003, da jita-jita ta bazu a kan allurar shan inna, har Kano ta dakatar da rigakafin na kusan shekara guda, sunan Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Ba shi kaɗai ne dalili ba, akwai siyasa, akwai yanayin duniya na wancan lokaci. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ɗigon shan inna ba shi da laifin komai, duk da haka yara suka shanye a nan, cutar ta tsallaka ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Sai a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Bayan abin da ya faru da Trovan ne aka ɗaura ɗamarar gyara. A 2007 Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, akwai kuma kwamiti na ƙasa mai sa ido. Manyan asibitoci suna da nasu kwamitocin, waɗanda dole mai bincike ya kai musu tsarinsa su duba kafin ya taɓa kowa, kuma ba a yarda kwamitin ya zama likitoci zalla ba. In gwajin magani ne, sai hukumar NAFDAC ma ta sa hannu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ƙara ɗaure maganar: ba a bincike a kan mutum sai da izininsa a rubuce, bayan an sanar da shi manufar binciken da amfaninsa da illarsa. In yaro ne, izinin iyaye ko waliyyi. Takardar nan da ake miƙo maka, daga nan ta samo asali. Haƙƙinka ce, ba alfarma ake yi maka ba.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da filin kiwon lafiya. Yanzu ga labari na biyu, kuma a nan nake so mu ɗan zauna.

Babu unguwar da ba ta san sikila ba, wadda wasu ke kira amosanin jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, wato ya gaji cutar ta ɓangare ɗaya amma ba ta kama shi ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara a ƙasar nan, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Abin da kowa ya sani shi ne ciwon ƙashi, da kumburin hannu da ƙafa a jarirai, da ɗorawar ido, da ƙarin jini. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne sikila na jawo wa yaro shanyewar ɓarin jiki, irin wadda muka saba gani ga tsofaffi masu hawan jini. In ba a yi rigakafi ba, kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS, wato masu cutar kanta, zai gamu da ita kafin ya kai shekara 20, kuma ta fi aukuwa tun suna ƙanana, shekarun firamare. Yaro ya kwanta lafiya, ya tashi baki ya karkace, hannu ya saki. A gidajenmu da yawa abin da za a fara cewa shi ne iska ta taɓa shi. Sai a yi ta hayaƙi da tofi har a rasa sa'o'in da suka fi kowanne tsada.

Yadda abin ke faruwa shi ne, ƙwayoyin jinin mai sikila suna lanƙwashewa su yi tauri. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120, tasa kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake. Waɗannan ƙwayoyi suna gogar bangon manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, a hankali jijiyar ta tsuke. Duk wanda ya taɓa danne bakin tiyo da yatsa ya ga yadda ruwan ke ƙara gudu. Haka jinin ke yi a jijiyar da ta tsuke, kuma wannan gudun ana iya auna shi. Akwai na'urar da likitoci ke kira TCD, danginta ɗaya da na'urar da ake duba masu ciki. Ana ɗora ɗan kanta a gefen kan yaro, gaban kunne, babu allura, babu zafi. In gudun jinin ya kai santimita 200 a daƙiƙa ɗaya, yaron yana bakin haɗari. A irin waɗannan yara, in an bar su haka, kusan 10 cikin 100 ne ke shanyewa kowace shekara.

Tun 1998 wani bincike a Amurka ya nuna mafita: a riƙa yi wa irin wannan yaro ƙarin jini kusan duk wata, haɗarin sai ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Madalla. To kawo wannan mafita Kano, ko Gusau, ko Maraɗi. Duk wanda ya taɓa yawon neman leda ɗaya ta jini da tsakar dare, yana buga wa 'yan uwa waya su zo a gwada su, ya san abin da ake nufi da a ce ya yi haka sau goma sha biyu a shekara, shekara bayan shekara. Ga kuɗin gwaji, ga tsoron jinin da ba a tantance da kyau ba, ga sinadarin ƙarfe da ke taruwa a jiki idan ƙarin jinin ya yawaita, wanda shi ma fitar da shi sai da wani magani mai tsada. Ilimin yana nan a rubuce shekara da shekaru, yaranmu na shanyewa.

Nan ne amfanin bincike a asibitocinmu ya bayyana. Ba wanda zai zauna a wata ƙasa ya amsa mana tambayar da mu kaɗai ke da ita. Likitoci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, cikinsu har da Dakta Najibah Galadanci da Dakta Shehu Abdullahi, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt da ke Amurka, suka tambaya: shin ƙwayar magani da ake haɗiya kullum za ta iya tsayawa a madadin ƙarin jinin? Maganin shi ne hydroxyurea. Ba sabo ba ne, an daɗe ana amfani da shi. Aikinsa shi ne ya sa jiki ya koma ƙera irin jinin da jariri ke zuwa da shi daga ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Wannan jinin ne ma dalilin da ya sa jariri mai sikila yakan yi watanninsa na farko lafiya lau, sai ya fara raguwa sannan ciwo ya bayyana.

Ba su faɗa ciki gaba ɗaya ba. Sun fara da 'yan yara kaɗan don su ga ko iyaye za su yarda, ko za su riƙa dawowa, ko yaran za su jure maganin. Da wannan ya yi kyau sai aka shiga babban binciken, a Asibitin Malam da Asibitin Murtala a Kano, da Asibitin Barau Dikko a Kaduna inda Dakta Halima Bello-Manga take. Aka auna dubban yara da na'urar, aka sami 220 masu shekara 5 zuwa 12 waɗanda gudun jininsu ya kai matakin haɗari, iyayensu suka amince. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu suna shan miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, wasu 20.

Ku lura da abu ɗaya. Babu yaron da aka ba ƙwayar banza don a kwatanta. An riga an san abin da ke samun wanda aka bari ba magani, saboda haka barin wani haka da gangan zalunci ne, kuma ba kwamitin da zai sa hannu a kai. Maganar ƙuri'a kuwa, na san tana yi wa wasu banbaraƙwai. Mutum zai ce, yaya likita da iliminsa zai bar ƙuri'a ta zaɓa wa ɗana magani? Dalilin shi ne likitan da kansa bai san wanne ya fi ba, da ya sani da babu buƙatar binciken. In kuma aka bar shi ya zaɓa, zuciya za ta ja shi ya ba yaran da suka fi galabaita mai yawan, a ƙarshe a kasa gane ko magani ne ya yi aiki ko zaɓen likita.

Akwai kuma wani kwamiti na daban, waɗanda ba sa cikin masu binciken, da ke leƙa sakamakon lokaci zuwa lokaci, da ikon tsayar da komai. Su ne suka ce a tsaya kafin wa'adi, domin amsa ta fito, ci gaba ba zai canza ta ba. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet Haematology a farkon 2022. Bayan an bi yaran fiye da shekara biyu, 3 ne suka shanye a rukunin ƙaramin awo, 5 a ɗaya rukunin, bambancin da masana lissafi suka ce bai kai a kira shi bambanci ba. Wato a duk rukunin biyu abin bai kai 2 cikin 100 a shekara ba, inda a da ake maganar 10. Rukunin miligiram 20 sun fi samun sauƙin yawan kwanciya a asibiti. Yara takwas ɗin nan 'ya'yan wasu ne, kuma ba na so lissafi ya sa mu manta da haka. Amma a kwatanta da adadin da za a samu in da ba a yi komai ba.

Abin da ya fi burge ni a wannan labari ya zo ne bayan an rufe littafin bincike. Na'urorin ba su koma ko'ina ba. Ma'aikatan da aka horar 'yan gida ne, suna nan. An buɗe wuraren auna yara masu sikila a wasu asibitocin gwamnati a Kano, gwamnatin jiha ta shigo cikin samar da maganin, wanda ake sarrafa shi a nan Najeriya. A Kaduna an koya wa ma'aikatan jinya sarrafa na'urar, don kada a ce sai an jira babban likitan hoto, wanda ba kowane asibiti ke da shi ba. Tawagar 1996 ta yi 'yan makonni ta tafi. Waɗannan suna nan, in ka je asibitin gobe za ka iya tarar da su.

Yanzu bari mu sauko daga kan likitoci, domin ƙwayar magani ba ta kai kanta bakin yaro. Uwa ce ke tunawa kowace safiya. Uba ne ke neman kuɗin mota daga ƙauye. Akwai ma'aikacin ɗakin kati da zai nemo fayil ɗin yaron cikin dubbai, domin in fayil ya ɓata an rasa tarihin awonsa da nauyinsa. Akwai mai ɗakin gwaji da zai ƙirga ƙwayoyin jini, saboda hydroxyurea na iya rage fararen ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta, dole a riƙa dubawa. Akwai mai ba da magani, akwai malamar jinya da za ta buga waya ta ce, "Maman wane, ba mu gan ku ranar asibiti ba, lafiya?" Wannan wayar ita kaɗai tana iya zama bambanci tsakanin yaron da ya ci gaba da shan magani da wanda aka bari. A cikin bincike akan tanadi kuɗin duk waɗannan. A asibitin yau da kullum kuwa su ne ake fara yankewa idan aljihun gwamnati ya yi ƙasa, kuma ni a nawa ra'ayin wannan kuskure ne babba. Ana son gina sabon ɗaki a yanka kirtani a ɗauki hoto, amma ba wanda ke ɗaukar hoto da ma'aikacin ɗakin kati.

Akwai kuma ofisoshin da masu jinya ke wucewa ta ƙofarsu kullum ba su san amfaninsu ba. Manyan asibitoci suna da sashen walwalar marasa lafiya, inda ake duba halin wanda ya kasa biya, a nema masa rangwame ko a haɗa shi da masu taimako. Ba kullum suke da abin bayarwa ba, kada in yi muku alkawarin da ba nawa ba, amma tambaya ba ta cin kuɗi. Akwai masu gashi da motsa jiki, waɗanda yaron da ya riga ya shanye yake buƙata fiye da kowane ƙarin ruwa. Akwai masu ba da shawara kan abinci. Asibitocin tarayya suna da teburin SERVICOM na karɓar koke. Tun 2018 akwai kundin haƙƙoƙin majiyyaci da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar, wanda ya ce a yi maka bayani da harshen da kake ji, a rufa maka asirin ciwonka, a gaya maka kuɗi dalla-dalla. Dokar 2014 kuma ta hana a ƙi karɓar wanda aka kawo cikin gaggawa. Na san abin da wasunku ke cewa a ransu, doka daban, bakin ƙofar asibiti daban. Gaskiya ne. Sai dai wanda ya san abin da doka ta ce, tsayuwarsa a gaban tebur daban take da ta wanda ya zo roƙo.

Mu koma kan takardar. In an miƙo maka, kada ka ji kunyar cewa a karanta maka da Hausa, a hankali. Ka tambaya, me ake son ganowa? Wannan maganin sabo ne ko an daɗe da shi? In na ƙi, wane magani za a ba ɗana? Wannan tambaya ta uku ita ce iyayen 1996 suka ce ba su sami amsarta ba, kuma ita ce uwar tambayoyin. Ka tambayi illar da aka sani. Ka tambaya in wani abu ya faru wa zai ɗauki nauyin jinya. Jinin da za a ɗiba, nawa ne, ina za a kai shi, za a ajiye shi ko za a zubar? In an gama binciken, maganin zai ci gaba ko shi ke nan? Ka nemi lambar wayar mai binciken da ta kwamitin da ya amince, galibi suna jikin takardar, ka kuma karɓi kwafinka ka tafi da shi gida. In ba ka karatu, ƙa'ida ita ce a samo shaida wanda ba ya cikin masu binciken ya zauna a karanta a gabansa. In yaron ya yi wayo, shi ma a tambaye shi.

Kana da damar cewa sai ka yi shawara. Kana da damar cewa a'a, kuma ba a isa a rage wa ɗanka kulawa saboda haka ba. Ko ka sa hannu, kana iya janyewa daga baya ba tare da ka kawo dalili ba, sai dai ka sanar da su, kada ka ɗauke ƙafa kawai, domin wani maganin ba a yanke shi farat ɗaya.

Akwai wurare biyu da nake ganin har yanzu da sauran aiki, kuma maganar ta masu binciken ce. Na farko talauci. Mutumin da ba shi da kuɗin gwaji, aka ce masa in ya shiga komai kyauta ne har da kuɗin mota, anya zaɓi ya yi? Ba na cewa a daina ba da kuɗin mota, hakan ma zalunci ne. Ina cewa mai bincike ya san cewa "to" ɗin talaka ba kullum take nufin ya gamsu ba, sai ya ƙara haƙuri wajen bayani, ya sa mutumin ya maimaita masa abin da ya fahimta da bakinsa. Ga kuma kawaicinmu. Bahaushe na jin nauyin ya ce wa likita a'a ido da ido, sai ya ce "Allah Ya sa haka ne mafi alheri," a rubuta ya amince.

Na biyu, iyaye mata. Su ne ke kawo yara asibiti, su ne ke kwana a kan tabarma. Idan malama ta ce, "Bari in gaya wa babansa," kada a matsa mata, kada a yi mata kallon wadda ba ta waye ba, a ba ta takardar ta kai gida. In ta sa hannu ita kaɗai rigima ta tashi a gida, yaron ne zai daina zuwa. Ku kuma iyaye maza, in an kawo muku takarda, kada ku yanke hukunci daga kan tabarmar majalisa. Ku taka ku je ku ji da kunnenku, ku yi tambayoyinku. In kuwa matar ce da kanta ba ta da lafiya, shawara da miji abu ne mai kyau, amma izinin da doka ta sani nata ne, jikinta ne.

Wani ya taɓa tambaya ko ɗaliban likita da ke zagaye gado a asibitin koyarwa su ma bincike suke yi. A'a, wannan koyo ne, ƙarƙashin babban likita, kuma ba a yin likita sai da shi. Duk da haka ladabi ne a gabatar maka da su, kuma kana iya cewa ba ka son a taru a kanka, musamman mata a wajen duba al'aura.

Kafin lokaci ya ƙwace mana, ga masu yara masu sikila. Shawarar masana ita ce a riƙa auna yaro mai SS da na'urar TCD sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16. In ba a taɓa yi wa naku ba, ku tambaya a ranar asibitinku ta gaba, in babu a nan a gaya muku inda ake yi. Kada wanda ya ji sunan hydroxyurea a rediyo ya tafi kemis ya saya, awonsa da nauyin yaro ake yi, kuma sai da gwajin jini. In kuka ga bakin yaro ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe, ko ya yi jijjiga, ko da abin ya wuce bayan 'yan mintuna, ku yi addu'arku a kan hanya, ku nufi asibitin da ke da jini, ku faɗa musu tun daga bakin ƙofa cewa mai sikila ne. Masu shirin aure kuma, a Kano tun 2024 gwajin jini kafin aure ya zama doka. AS da AS in sun haɗu, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, kowane ciki da lissafinsa, ba wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba.

A nan za mu dakata. Majiyyata, Allah Ya ƙara sauƙi.